Gaisuwar da Hanifa ta kai makaranta

Laraba da dare, Annandale

A makarantar su 'yata Hanifa rabin yini Turanci ake yi, rabi Sifaniyanci. Yau malamar Sifaniyancin ta tare ni a ƙofa, fuskarta duk damuwa. Wai kullum da safe sai yarinyar ta durƙusa, ta tambaye ta da Sifaniyanci tsaf: kin tashi lafiya? Ina gajiya?

"Gaya min gaskiya," in ji ta, "na yi kama da mara lafiya ne? Har likita na gani."

Na ce, malama, gaisuwarmu ce. Kunya kamar in nutse.

Shekara shida ina fama da 'yar nan ta gaishe ni, hannu kawai take ɗaga min. Ashe ta iya sarai. Ni ce ban iya Sifaniyanci ba.