Haɓar Gidanmu

Fadikpe, Minna
6 ga Mayu, 1991

Rabi'atu, assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan.

Wata uku ke nan da dawowarki daga kwas ɗin nas a Ingila, kin maƙale a Kaduna. 'Yarki Larai ta shiga aji biyu, kullum tambayarta yaushe Mama za ta zo. Mijina ya ce ya je asibitinku, aka ce ba kya nan, alhali ya hango ki kin rufe fuska da mayafi. Me muka yi miki?

Yayarki,
Safara'u

Kaduna
15 ga Mayu, 1991

Yaya, bayan gaisuwa da ban girma.

Ba ku yi mini komai ba. Kunya ce ta hana ni zuwa. Kin tuna doguwar haɓarmu ta Baba, da yadda 'yan makaranta ke kirana "Haɓar Kada". Kin tuna baban Larai ma ya goranta mini ita ranar da ya sake ni. A can Ingila na je wurin wani likita, ya yi mini tiyata, ya rage ƙashin haɓar, ya daidaita muƙamuƙin. Ba ciwo ne ya kai ni ba, Yaya, son kyau ne.

Aikin ya yi kyau, kowa na faɗi. Sai dai leɓena na ƙasa ya mutu, idan na sha kunu yana zuba ban sani ba. Kuma in na duba madubi ba na ganin kowa na gidanmu. Don Allah kar ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Rabi'atu

Fadikpe, Minna
24 ga Mayu, 1991

Rabi'atu, salamun alaikum.

Na gaya wa Inna, ba na ɓoye mata magana. Ta ce, "To, ai ba ta yanke uwa ba. Ta zo."

Ba Inna ce damuwata ba. Shekaranjiya Larai ta dawo da riga a yage, ta yi dambe da wata da ta tsokani haɓarta. Na tambaye ta abin da ta ce wa yarinyar. Ta ɗaga kai ta ce, "Na ce irin ta Mamana ce, kuma Mamana ta shiga jirgin sama."

Ki zo ran Asabar. Ɓuya ba magani ba ce.

Safara'u

Fadikpe, Minna
10 ga Yuni, 1991

Rabi'atu, ina fata kin isa lafiya.

Kin ga dai yadda Larai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonki, sai da ta ji muryarki ta yarda ta matso. Kin tafi kina cewa ta haƙura. Ba ta haƙura ba. Ta daina wasa a waje, ta daina dambe. Jiya ina yi mata kitso ta ce, "Umma, shekara nawa ake kaiwa kafin a yanke wa mutum haɓa?"

Hannuna ya tsaya a kanta. Na ce wannan amsar ba tawa ba ce.

Yayarki

Kaduna
17 ga Yuni, 1991

Yaya, ina gaisuwa.

Na karanta, ban iya cin abinci ba. Yau na miƙa takardar neman a mayar da ni aiki Minna. Ki ce wa Larai ina tafe, kuma ni zan riƙa kai ta makaranta, fuskata a buɗe.

Amsar da zan ba ta, wallahi ban same ta ba tukuna. Ki taya ni da addu'a.

Rabi'atu