Bangon Toka Ya Tsage

Ƙanena abin alfaharina,

Ina miƙo gaisuwar zumunci gare ka da iyalinka. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe mini da mai ɗakina, amma kada ka karanta mata wannan.

Lafiyata ƙalau, sai dai ina neman shawararka, kasancewarka magini. Masana'antar da nake gadi tana ba da tokar da take zubarwa, a cuɗa da siminti a buga bulo, a gina wa marasa hali ɗakuna. Mutanen unguwar suka ƙi shiga. Sai aka roƙe ni in zauna a ɗakin farko, wai ganin mai furfura a ciki zai kwantar musu da hankali. Ya kuwa kwanta.

Yanzu bangon ya tsage a karkace daga kusurwar taga. Shugaban magina ya ce bushewa ce kawai. Na manna takarda a kan tsagar don in ga ko tana ƙara buɗewa, yadda na ga kana yi, jiya na tarar ta yage. Ba na cewa na tsorata, amma na mayar da shimfiɗata bakin ƙofa.

Mako mai zuwa wata mai wankau za ta tare da 'ya'yanta a ɗakin da ke jikin nawa. Kullum takan ce, "Baba, tunda kana ciki, ai shi ke nan." Idan na yi magana za a dakatar da ginin, ta ci gaba da kwana ƙarƙashin leda.

Allah Ya yi maka albarka, ka gaggauta gaya mini: irin wannan tsaga tana tsayawa?

Yayanka.