Askin Kinanti

Pucang, 4 ga Maris

Zuwa ga jikana Setyo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, sanyin Koriya bai cinye maka kunnuwan nan naka masu kama da faranti ba. Matarka Lastri ta warware, jaririyarka Kinanti sai tsotso da ihu, halinka sak.

Ga kacici-kacici, tunda ka yi boko: wace ce ta yi shekara goma sha bakwai tana noma, ta mutu shekara shida da suka wuce, amma za ta zo askin ɗiyarka?

Saura kwana goma sha biyu Kinanti ta cika kwana talatin da biyar da haihuwa, a yi mata askin fari da askar gidanmu mai naɗewa cikin ƙota, wadda ta aske ubanka ta aske ka. Da kakanka Mbah Darmo ya ciro ta, duk ta yi tsatsa, ƙotar kuma ta rabe biyu. Bakin ya wasu har yana yanka gashi a iska. Ƙotar ce bala'i. Na ce a sayo ta roba. Kallon da ya yi mini, ka ce alade na dafa masa.

Sai ya sauko da wani ƙaho da yake ɓoyo a rufin ɗaki. Ƙota biyu kawai zai bayar. Ya gasa rabi a garwashi, ya danne, amma hannunsa ya fara rawa, ba ya iya ɗaure matsewarsa ta katako, wadda ke miƙar da ƙaho, da ƙarfi. Da ƙahon ya huce sai ya koma lanƙwasarsa, aska ta ƙi rufuwa. Ya rantse in rabin da ya rage ya lalace, ya bar sana'arsa ta sarrafa ƙaho. Kwana biyu ko shayi bai nema ba. Wannan kam bai ba ni dariya ba, ɗan nan. Ka yi masa addu'a.

Kakarka,
Ngatinem

Pucang, 18 ga Maris

Setyo ja'iri,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, albishirinka!

Shekara arba'in da bakwai tsohon nan yana mini gorin ƙiba. Ranar da ya gasa rabin ƙarshe, na ƙwace, na sa shi tsakanin katako biyu, na ɗora tabarma, na zauna. Ya ce in tashi kada in murƙushe masa kayan gado. Na ce ya kawo mini shayi da soyayyen rogo, ya rufe baki. Tun hantsi har azahar ina zaune ina tsintar shinkafa. Da zan yi salla na ɗora Bu Parmi maƙwabciya, ita ma ba baya ba ce.

Ƙaho ya fito a miƙe sumul. Ya yanke shi falle biyu, ya gurje, ya goge da toka har ya yi baƙi sidik, ya buga ƙusar tagulla. Ƙotar ya yi ta da ɗan kauri daidai yatsunsa, don ta zauna masa ko hannu na rawa.

Shekaranjiya aka yi askin. Na tallafe gwiwar hannunsa, ya sauke gashin tas, ko ƙwarzane babu. Ya yi kuka, wai hayaƙin tsiren akuya ne. Yanzu wanzamai biyu daga garin Magelang sun kawo tsofaffin asake a yi musu ƙota, ya ce sai ya ga ko matsewarsa tana da lokaci. Wai ni ke nan.

Lastri na gaishe ka. Ka riƙa cin abinci.

Kakarka,
Ngatinem

Af, amsar. Cemplon ce, ɓaunarmu ta noma, wadda ka riƙa barci a bayanta kana ƙarami. Ƙahonta na dama ne ƙotar.