Kazar Tomiko

Memfis, Amurka
Satumba 1961

Zuwa ga Yaya Saratu, Geza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanen da ya daɗe bai ga fuskar yayarsa ba. Yaya ƙarfin jikin Kawu Baƙo, yaya yara, ina labarin Yaya Mero can Segbana? Allah ya sa damina ta yi albarka.

Na san kina fushi da ni, kuma kina da gaskiya. Tun da na bar aikin jirgin ruwa ban rubuto ba, don ban ga abin faɗi ba. Yanzu direba nake kuma mai ɗaukar kaya a wurin wani Bature, Mista Dolan, mai ayarin 'yan kokawa. Kada ki ɗauka irin kokawar da nake yi ce a fagen Kende bayan girbi. Nan a kan dakali ake yi, an kewaye shi da igiya, kuma tun a cikin mota ake gaya wa kowa wanda zai kayar da wanda zai faɗi. Har mata ma suna yi.

A cikinsu akwai wata 'yar Japan, sunanta Tomiko. Gajera ce, kafaɗa gare ta irin ta mai dakan gero. Aikinta kawai a tsane ta. A ƙasarsu, in ji ta, gishiri ake watsawa a fage don tsarkake shi kafin a kama, sai Dolan ya ce ta riƙa watsa shi a idon Baturiyar da take karawa da ita. Tana yin haka sai 'yan kallo su tashi da zagi da tofi, suna tuna mata yaƙin da aka gama tun tana yarinya. Daga nan Baturiyar ta kayar da ita, kowa ya koma gida da farin ciki. Na ga Tomiko wurin gwaji, Yaya. Babu wadda ba za ta ninke ba a cikinsu in da gaske ake yi.

Shekaranjiya aka jefo ta ta saman igiya kamar kullum, amma wanda ya kamata ya tare ta hankalinsa yana wani wuri. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar. Ƙwaurin hagu ne ya karye. Dolan ya ce asibiti tambayoyi gare su, ya saya mata ƙwayoyi ya tafi. Na kai ta gidan wata tsohuwa baƙar fata da nake haya, na fasa akwatin lemo na fere katakon, na ja ƙashin ya zauna, na karanta abin da Baba yake karantawa in zai yi ɗori, na ɗaure. 

Saura kaza. Kin san Baba ba ya ɗori sai ya karya ƙafar kaza ya ɗaure ta tare, kuma mai karaya ba ya taka ƙasa sai ranar da kazar ta taka. Kajin kasuwar nan tsirara ake sayar da su cikin ƙanƙara, ba kai ba ƙafa, kuma ko na samu mai rai, Baba ya ce sai ta gidanmu. Don Allah ki kama ɗaya, ƙafar hagu. Ranar da ta taka ki rubuto mini.

Ƙanenki,
Bunyaminu

*

Geza
Oktoba 1961

Takarda ta hito daga hannun Saratu zuwa ga autanmu Bunyaminu. Bayan gaisuwa mai yawa, da hannuna nar rubuta wagga, ajin yaƙi da jahilci bai tahi banza ba. In ka ga baƙi ya karkace, ka miƙe shi da kanka tun da kai maɗori na.

Lafiya lau muke. Gero ya yi, dawa ta sha ruwa har ta gaji. Mero ba ta zo ba tun salla. Tun da anka ba mu mulkin kai, su ma mutanen Dahome anka ba su nasu, sai anka kafa tuta biyu a kan hanyar Segbana, kowace da mai kaki ƙarƙashinta. Hanyar da muka bi da ƙwarya bisa kai, yanzu sai an buɗe ƙwaryar an ga mi ke ciki.

To Auta, shekara nawa ba takarda, ranar da kat tuna da mu kuma kaza kaka nema. Ba ka tambayi kabarin Baba ba, ba ka tambayi gonarka da ciyawa tac cinye ba. Da Baba na raye yana kiranka ka riƙe mai karan ɗori, kai kana fagen kokawa ana yi maka kiɗi. Yau ka tahi bayan duniya ka zama maɗorin matan da ke dambacewa gaban maza. Na yi kuka da nak karanta, ban san ko na haushi na ko na marmarinka ba.

Kawu Baƙo yac ce a karanta mai sau biyu. Da anka zo wurin Japan sai yat tashi tsaye. Yac ce, “Ni da nib bar yatsu biyu a dajin Bama hannun mutanen nan, a gidanmu za a karya kaza don ɗiyarsu?” Nac ce, “Kawu, Baba ya taɓa tambayar mai karaya ɗan wane ne shi?” Sai yat tahi masallaci. Da yad dawo, shi yak kamo min jar kazar nan mai wake-wake, shi yar riƙe ta.

Na yi aikin. Ban ji daɗi ba, don ta saba cin tsaki a hannuna. Tana cikin akurki, ƙafa ɗaure. Ka sani an makara, don Baba rana ɗaya shika yin su biyu, saboda haka ko kazar ta taka ba a yi gaggawa ba. Kuma ka tuna kazar ɗori ba a yanka ta, ba a sai da ta, ka ƙara min bakin ciyarwa ke nan a gida.

Ita matar, tana da kowa?

Allah shi tsare ka. Yayarka,
Saratu

*

Memfis
Nuwamba 1961

Yaya Saratu,

Gaisuwa da godiya. Ki gaishe mini da Kawu, ki ce na gode, na kuma san abin da ya haɗiye kafin ya kama kazar.

Kin tambaya ko tana da kowa. Tana da 'ya mace, tana wurin kakarta a wani garin masunta a ƙasarsu. Ta bar ta ba ta iya magana ba, yanzu har ta shiga makaranta. Fasfo ɗin Tomiko yana cikin jakar Dolan tun ranar da ta sauka.

Na fassara mata takardarki da guntun Turancina, ta saurara da guntun nata. Na ɗauka dariya za ta yi mini. Sai ta sunkuyar da kai wajen takardar, irin gaisuwarsu, ta ce in ba kazar haƙuri. Yanzu kullum na dawo daga tuƙi, kafin in cire takalmi za ta ce, “Kaza?” In ce ba labari tukuna.

Kumburin ya saɓe. Ina shafa man shanu, ina sake ɗauri, kuma a hannuna ina jin ƙashin yana kamawa. Abin da ya kamata ya faranta mini rai ke nan, amma Yaya, na gaji. Dolan ya zo jiya da sigari a baki, ya tsaya daga ƙofa. Ya ce tun da ta kwanta mutane sun ragu, don ba su da wanda za su zaga. Bayan Kirsimeti ayarin zai tashi zuwa Teksas. In ta miƙe kafin nan, sabon kwantiragi na shekara biyu, kuma har ya shirya yadda za a yi: za ta fito tana ɗingishi, Baturiyar ta riƙa taka mata ƙafar da ta karye, 'yan kallo su yi ta ihu. In ba ta miƙe ba, ya jefa mata fasfo ɗinta ta san inda dare ya yi mata, shi ba ya ciyar da gurguwa.

Da ya fita na ce mata, “Ki ce ba ki warke ba mana, ki tafi wurin 'yarki.” Ta girgiza kai. Ta ce ta sa hannu a takarda, kuma a gidansu ba a gudu daga aiki da ƙarya. Ta ce, “Kaza ta tsaya, na tsaya. Kaza ba ta tsaya ba, ban tsaya ba.” Ta faɗi haka tana kallon rufin ɗaki, da muryar wadda ba ta yi barcin kirki ba shekara da shekaru.

Ni ma ban san abin da nake roƙo ba in na yi salla. Ɗorina na farko ke nan ba Baba a kusa, ina so ya yi kyau. Amma in ya yi kyau, ni zan tuƙa ta zuwa inda za a sake karya shi.

Ki rubuto da gaggawa, ko mene ne labarin.

Ƙanenki,
Bunyaminu

*

Geza
Disamba 1961

Zuwa ga Auta, bayan gaisuwa.

Takardarka ta zo. Na karanta, Kawu ya saurara, ba wanda yac ci tuwon kirki ran nan.

Kaza ba ta taka ba. Kada ka bari matar nan ta sa ƙafa ƙasa, ko wa yac ce. In mai sigarin ya matsa, ka ce mai daga gida anka hana.

Ba ni da wani labari. Sanyi ya shigo, masunta sun ce kihi ya yi ƙasa. Ka gaishe ta, ka ce wata mata a Geza na gaida ɗiyarta.

Yayarka,
Saratu

*

Memfis
Janairu 1962

Yaya,

Ina gaisuwa. Tomiko ta tafi.

Na karanta mata takardarki, sai ta rufe fuska da bargo. Ban san irin kukan da ta yi ba, ban kuma tambaya ba. Dolan ya zo da safen da za su tashi, ya ce ta miƙe ya gani. Ta ce kaza ba ta tsaya ba. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce duk mahaukata ne ya tara. Ya jefa fasfo ɗin a kan gado, ni kuma ya ce in ba shi makullin mota.

'Yan ƙasarsu da ke Kalifoniya sun haɗa mata kuɗin jirgin ruwa. Na kai ta tasha da sandunan guragu, ƙafar a naɗe, ba ta bari ta taɓa ƙasa ba ko a matakalar jirgin ƙasa. Ta bar mini adireshin uwarta. Ta ce ranar da kaza ta taka a rubuta mata, za ta jira.

Yaya, abin da ke cina ke nan. Daren da za ta tafi na taɓa ƙashin, wallahi na ji shi a haɗe kamar ba a taɓa karya shi ba. Amma kaza ba ta ƙarya. Ashe hannuna ma ba ya gane warkewa. Ina ganin Baba ya tafi da abinsa, bai bar mini komai ba, kuma ni na jawo, don lokacin da yake kira ban zo ba. Na mayar da 'yar mutane gida da sanda.

Ba ni da sauran abin yi a ƙasar nan. Na samu jirgin kaya mai zuwa Ikko, za su ɗauke ni aikin wanke-wanke. In Allah ya yarda kafin ruwan fari ina Geza. Ina so in ga kazar nan da idona, in kwance ɗaurin, ki nuna mini inda na kuskure. In za ki koya mini daga farko, zan zauna in riƙe miki kara.

Ƙanenki da ya gaji,
Bunyaminu

*

Geza
Maris 1962

Zuwa ga ƙanwata Mero, Segbana. Bayan gaisuwa, ina maigidanki, ina yara.

Ga Jummai mai daddawa nan da kwando. In masu kaki sun bar ta ta wuce da shi, jar kaza ce a ciki, ta ɗorin Auta da nib ba ki labari. Tun kafin sanyi tat taka, har ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Ni nar rubuta mai cewa ba ta taka ba, Kawu na zaune yana jina, bai hana ba. Allah shi gafarta muna, Baba ma shi yafe.

Auta na bisa hanya. Ki riƙe ta wurinki sai ya sauka ya huta, ya yi shuka, ya shiga gonarshi da noma har ta riƙe shi. Sannan in aiko a kawo ta, in gaya mai hannunshi lafiya lau, shi rubuta ma matar ta aje sanda. In ya sani yanzu, ina tsoron shi juya shi koma Amurka, ita kuma ta koma ma mai sigarin.

Kada a yanka ta, kada a sai da ta. Ƙwan naki na. Ki ɗaure ta da igiya kwanakin farko, gudu gare ta. Ni da Kawu sai da munka zagaya rumbu har yaf faɗi zaune kafin mu kama ta.

Yayarki,
Saratu