Inna, Dattijo Ba Ya Cin Abinci Shi Kaɗai

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Zeinabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce autarki Hadiza, daga Lyon. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, kuma har yau in abu ya faru ke nake fara son gaya wa.

Inna, kare na ɗauko. Na san za ki yi salati ki tafa hannu, in kin gama kuma ki tambaye ni ko ya ci abinci. To, maganar ke nan.

Wata abokiyar aikina ce ta roƙe ni in sauke ta a gidan da ake tara karnukan da ba su da kowa. Can na gan shi kwance a ƙuryar keji, shekararsa goma sha ɗaya, bakinsa duk furfura, yana ɗan ɗingishi. Tsohon da ke riƙonsa ya rasu, kuma masu zuwa ƙanana suke zaɓa. Sai na tuna kaskon ruwan da kike ajiye wa karen unguwa a bakin ƙofarmu a Damagaram, in na ɓata fuska ki ce, "Shi ma ƙishi yake ji, kamar ke." Na sa hannu a takarda, na raɗa masa suna Dattijo.

Sati biyu suka ba ni na gwaji. In bai saba ba sai in mayar da shi, kuma ni da su duk mun san a wannan keji zai ƙarasa kwanakinsa.

Kada ki damu da tsarki. Kwanonsa daban, kuma ɗakin da nake salla ba ya taka shi. Kwana biyu ya ɗauka ya gane, ya fi wasu jikokinki jin magana. Asansar ɗin da ke hawa da mu sama a benenmu na unguwar Minguettes ma ya daina tsoronsa. Abinci ne kawai ya ƙi.

Ke kika koya mini karɓar baƙo. "Ki ajiye, ki ja ƙofa, ki ba shi wuri. Baƙo ba ya ƙoshi ana kallon bakinsa." Haka na yi wa Dattijo. In zuba masa a ɗakin girki, in ja ƙofa, in koma falo. In na dawo sai in tarar loma biyu ya taɓa, yana kwance hancinsa a ƙasan ƙofa.

Na ce kunya ce, motsina yake ji. Na koma baranda. Na dafa masa kaza ba gishiri ba yaji, bai duba ba. Har fita na yi daga gidan ɗungum, na tsaya a matakala ina gaisawa da maƙwabta, wai don kare ya sake ya ci. Ki yi dariya, ni ma yanzu ina yi. Amma a lokacin haƙarƙarinsa sun fara fitowa, likitan dabbobi kuma ta ce jikin tsoho ba ya jure yunwa. A rana ta tara na yanke cewa Litinin zan mayar da shi, kuma na yi kuka sosai.

Ranar Asabar sai ga Yaya Rabi daga Paris. Tun daga unguwarsu ta Belleville ta shirya faɗan da za ta yi mini kan karen, ta biya kasuwar Barbès ta sayo kuka da daddawa don kada a ce faɗa kaɗai ta kawo. Kin san babbar 'yarki: ba ta ci a kan tabur. Ta shimfiɗa tabarma a falo, muka sa tuwon masara a faranti guda. Ta hana ni jan ƙofar ɗakin girki, wai tana so idonta na kan karen, kada ya ɓullo mata ta baya.

Muna cikin ci muka ji ƙurus-ƙurus. Dattijo ne a kan kwanonsa. Ya ci, ya ɗago ya dube mu, ya sake sunkuyawa. Muka tsaya, ya tsaya. Yaya Rabi ta kai loma baki, ya ci gaba. Sai da ya lashe kwanon tas, ita kuwa ta manta faɗan da ta yi guzuri.

Da na kira matar da ke kula da gidan karnukan, ta ce ai tsohon nan kullum tare suke ci, shi a kujera, karen a gindinsa. Ashe duk ladabin da nake masa, shi gani yake an sake tafiya an bar shi.

Gwajin ya ƙare, Dattijo yana nan, kuma ba inda za shi. Ya yi ƙiba, yana ja na zuwa fili da safe kamar shi ya ɗauko ni. Yaya Rabi ta rantse ba za ta taɓa shi ba, na kuwa yarda, amma duk Juma'a in ta kira sai ta tambayi cin abincinsa kafin nawa.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Tun da kika tafi, a tsaye nake ci a bakin murhu, a gurguje, don zama gaban faranti ni kaɗai yana tuna mini da ke. Yanzu dole in zauna sau biyu a rana, in ci a natse, domin in na tashi shi ma zai bar kwanonsa.

Koyarwarki ba ta yi kuskure ba, Inna, ni ce na saka shi a layin baƙi. A gidanki baƙo ake ja wa ƙofa, ɗan gida kuwa tare ake ci da shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara saboda kaskon ruwan nan na bakin ƙofa. Amin.

Taki har kullum, wadda ta koma cin abinci a zaune,
Hadiza