Aguwar Kan Kabarin Inna

Zuwa ga Yaya Sahura,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin ƙafar?

Kin ji daidai, meriya, ofishin magajin gari, za ta gyara tudun nan da aka tayar don jirgin ƙasa tun muna yara, jirgin bai taɓa zuwa ba. Za a zuba jar ƙasa ya zama hanyar keke da masu tafiya a ƙafa, 'yan lakwal su huta da rairayi a hanyar makaranta. Ni na kai maganar, ni na bi ta har aka yarda. Masu cewa don na sayar da kekuna ne, su yi ta faɗa. Da faci na fara a gindin bedi, ba wanda ya ɗaga ni.

Kada ki damu da kabarin Inna. Na shaida wa injiniyan aikin cewa shekarar da ruwa ya ci maƙabarta, a kan tudun muka binne mutanenmu, kuma aguwar da kika dasa tana nan. Ya ce hanya za ta kauce. Idan kin zo da Babbar Salla zan kai ki da kaina.

Ƙanenki, Rabilu

Yaya Sahura,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku.

Na tafi Doso ɗauko kaya, na dawo na tarar katafila ta wuce. Direban baƙo ne, ya ga aguwa ya ɗauka tsohon shingen gona ne, ya share duka har da fasassun tukwanen da ke kan kaburbura. Injiniya yana Yamai ranar. Ya ce ƙasa kawai aka ƙara a sama, ba a tono kowa ba.

Na ɗauko Malam Abdussalamu, wanda ya haƙa kabarin, a bayan babur. Ya tsufa, Yaya. Ya nuna nan, ya koma ya nuna can, daga baya ya ce da wani gawo yake aunawa. An sare gawon tuntuni. Tudun duk ya zama ɗaya, ja, shimfiɗe. Na je meriya na yi faɗa har murya ta dushe, suka tambaye ni ina za su kauce wa. Ban iya nunawa ba.

Zan gano wurin. Ba a taɓa kayar da ni a kan abin da na sa gaba ba.

Rabilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Shirunki ya iso ni.

An buɗe hanya. Sun ba ni kujerar gaba, aka yi ta kiran sunana. Ɗiyata Zalika kullum nan take bi zuwa kwaleji, tana murna ta daina makara. Ban gaya mata kome ba.

Ni kuwa in na kai wajen, sauka nake yi na tura keke ta ƙasa cikin rairayi, mutane na cewa Alhaji baya ya fara ciwo. Na dasa aguwa a gefe, tsawon wurin duka, ko ɗaya za ta dace.

Ki zo da Salla, ɗakinki na nan. Amma ban san inda zan tsayar da ke ba.

Naki, Rabilu