Ni Na Ce Ta Amsa Masa

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu, ina gaishe ku da kyau. Don Allah a ɓoye sunana. Kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe, ko da yake zagin ma ban tabbata zai shiga jikina ba. Kwana goma sha biyu ke nan ina shara, ina girki, ina amsa gaisuwa, kamar wata ce take yi ba ni ba.

Ni 'yar Matameye ce a Nijar, 'ya'yana huɗu. Maigidana ɗan cirani ne, da an gama girbi sai Legas, ba ya dawowa sai ruwa ya kusa sauka. Bana ya aiko wa babbar 'yarmu da waya saboda ta shiga kwaleji, shekarunta goma sha uku, kuma wannan ce wayarta ta farko. Ya ce min, "Ki sa ido, ke ce a gida." Na ce to. Amma wane ido? 'Yar fari ce, kun san al'adarmu. Ko sunanta ban taɓa kira ba, "ke" nake ce mata, ba na zama kusa da ita, ba na hira da ita. Haka na ga uwata ta yi da yayata. To ta yaya zan zauna kafaɗa da kafaɗa da ita ina leƙa wayarta?

Wata la'asar ina suyar awara a tsakar gida, ta zo ta tsaya daga nesa, ta ce wata baƙuwar lambar Nijeriya ta turo saƙon murya. Na ce ta kunna. Muryar babban mutum ce, da sallamarsa cikakkiya. Ya ambaci sunan babanta, ya faɗi unguwar da suke kwana, ya ce ɗakinsu ɗaya, yana gaida iyali. Mu matan 'yan cirani mun saba, gaisuwa da saƙo ta hannun abokai suke iso mu.

Ta ce, "Inna, madam ɗinmu ta makaranta ta ce kada mu amsa lambar da ba mu sani ba."

Na ce, "Madam ɗin ce ta haife ki? Abokin babanki ya gaishe ki ki yi banza da shi, a ce ban ba ki tarbiyya ba? Maza ki ce ina wuni Kawu."

Ta faɗa. Ni ma na miƙa baki na ce mun gode, a gaida mutanen Legas. Ban taɓa tambayar maigida ko ya san shi ba. In maigidan ya kira, ƙananan ne ke wawashe wayar, ni kuma ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Bayan mako biyu ta sake zuwa. "Inna, Kawun nan ya ce in turo hoto, wai zai nuna wa Baba, wayar Baba ta fashe." Na ce to ki tura mana, me ye a ciki? Ta tura wanda ƙanwarta ta ɗauke ta ranar da aka yi mata kitso, ba ɗankwali, tana dariya. Zuwanta na uku shi ne wanda nake ta gani a idona. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta, ta ce, "Inna, ba na son maganganunsa." Kun san me na ce? Ban ce wace magana ba. Na ji tambayar ta zo min har baki, kunya ta mayar da ita. Sai na ɗaure fuska na ce ta daina kawo min ƙarar manya. Ba ta sake zuwa ba.

Daga baya na san sauran. Ya riƙa neman abin da bai kamata ba, ta ƙi, ta toshe lambarsa da kanta kamar yadda aka koya musu a lakwal, wato makaranta. Shi kuma ya ɗauki hoton nan ya sa a wani zauren samarin gari na waya, ya rubuta ƙarya a ƙasa, wai ita ke binsa. Wan mijina ya gani. Ya shigo da hantsi ko sallamar kirki babu, ya tsayar da ita a gabana, ya ce, "Wa ya ce ki kula shi?" Ta ɗago ta kalle ni. Ni kuwa na ci gaba da tsince wake a faifai. Ta ce, "Ba kowa." Ya mare ta, ya mayar da tambayar, ta sake cewa ba kowa. Ina zaune ina ta tsintar wakena.

Da ya fita neman maigida a waya, na ɗauki wayarta na goge saƙonnin farko, waɗanda muryata take ciki. Tana kallona na goge. Maigida ya kira, ya ce bai taɓa sanin mutumin ba, duk wanda ke zauren waya na 'yan ciranin garinmu zai iya sanin inda yake kwana ya kuma samo lambar. Sannan ya ce, "Ke ba ki san komai ba?" Na ce wallahi ban sani ba. Da rantsuwa na faɗa. Me ya sa? Tsoron a ce matar aure ta gaisa da baƙon namiji ne? Tsoron ya ce ya bar min amana na watsar? Na yi ta neman amsa a raina, ban samu komai a wurin ba.

Hukuncin da ya yanke shi ne ta gama da lakwal. Ranar Juma'a zai iso, Asabar ya kai ta Tsauni wurin mahaifiyarsa, ba karatu ba waya. Yarinyar da ke cikin na gaba a ajinsu. Madam ɗinsu ta zo har gida ta roƙa, ta ce yarinyar nan ita ce ta fi kowa riƙe abin da aka koya musu, ba ta gane yadda aka yi ba. Na kawo mata ruwa, na ce sai haƙuri. Na san maigidana, in ya ji cewa ni na tilasta mata, zai bar ta ta yi karatunta. Abin da zai yi da ni kuma, bayan ƙarya da rantsuwa, ban sani ba.

Jiya da safe na same ta tana yage shafukan da ta rubuta a littattafanta, tana ba ƙanwarta sauran fararen. Na tsaya a kanta. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Inna, ki ci abinci. Ban faɗa wa kowa ba, kuma ko Baba ya zo ba zan faɗa ba."

Na ce to. Abin da ya fito daga bakina ke nan. Yau Laraba, saura kwana biyu. Jama'a, me zan yi?